CoLDEFF, jakin Sama'ila da kuɗin makamai

A watan Satumba na 2023, ƙasa da wata biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Janar Abdourahamane Tiani ya kafa hukumar CoLDEFF domin ƙwato dukiyar ƙasa daga hannun waɗanda suka yi sama da faɗi da ita. Jama'a sun yi marhabin, don ba a manta da badaƙalar ma'aikatar tsaro ba: binciken 2020 ya nuna asarar kimanin miliyar 76 na sefa a cinikin kayan soja, a lokacin da ake binne sojojinmu na Inates da Chinagoder.

Sai dai a Fabrairun 2024 wata doka ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati. Wato ƙofar da ɓarawo ya bi jiya, ita aka cire wa kwaɗo, aka ce mu dogara da amanar mai gadi.

Kiristocinmu na da labarin da ya dace da wannan a Littafi Mai Tsarki. Sama'ila, wanda malaman tafsiri ke kira Shamwilu, annabin da ya naɗa Ɗalutu sarki, ya tara Isra'ilawa da zai sauka daga shugabanci. Bai ce su yarda da shi don shi mutumin Allah ne ba. Ya nemi duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya karɓi toshiyar baki a hannunsa, ya fito ya faɗa, zai biya. Ba wanda ya fito. Amma 'ya'yansa biyu, Yowel da Abiya, da ya naɗa alƙalai, sun bi kuɗi sun karkatar da shari'a, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa dattawa suka nemi a yi musu sarki. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Gaskiyar mai gida ba ta hana na kusa da shi ci. Abin da ya wanke Sama'ila shi ne ya ba talaka bakin tuhumarsa a bainar jama'a.

Yau wa ke da wannan bakin? Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Makiyayin Gamu, a gundumar Gure, da ke biyan haraji duk ranar da ya kai akuya kasuwa, ba shi da kansilan da ya zaɓa da zai tambaya ina kuɗin suka shiga. Kantoma na iya zama mutumin kirki, amma wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani, kuma wannan yana Yamai.

Kundin tsarin mulkin 2010 ya tilasta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu. An jingine shi, kuma wa'adin shekara 5 da Janar Tiani ya fara a Maris 2025 ana iya tsawaita shi.