Suma ba ita ce makoki ba

Wannan makon mutuwa za mu taɓa, amma ba ta mamacin ba, ta waɗanda ya bari a cikin labari.

Akwai wani shirin talabijin na BBC mai suna Doctor Who, da aka fara nunawa a Ingila a watan Nuwamban 1963. Tauraron shirin, Dakta, yana da wata na'ura da ke kai shi kowane zamani ya so, jiya ko shekara dubu nan gaba. To mutumin da zai iya komawa jiya, me mutuwa za ta yi masa? A 1982 marubutan shirin suka kashe wani yaro abokin tafiyarsa, Adric, har aka rufe shirin ranar shiru babu kiɗa. Da aka dawo, abokansa biyu suka roƙi Dakta ya koma baya ya ceto shi, ya ce akwai dokokin da ba a karyawa. Ba a jima ba sai ga shi yana maganar kai su kallon baje kolin Landan na 1851 don su ware. An gama da yaro ke nan.

Kada mu yi musu dariya, domin laifin nan namu ne ma. Mu duba littattafan da muke sakawa a WhatsApp da Wattpad. Waya ta yi ƙara, Hajiya ta ɗauka, ta saki salati, ta yanke jiki ta faɗi sumamma, aka yayyafa mata ruwa. Amarya ma ta suma. Kowa ya yi kuka kamar ransa zai fita. Sai shafi na gaba: bayan wata uku. An shiga rabon gado ko shirin biki, mamacin kuwa ko sunansa ba a sake ji. Mun kashe shi ne kawai don ya matsa wa labari hanya, kuma mai karatu yana ganewa ko bai faɗa ba.

Shirin nan dai ya gyara hannunsa a 2005. Wata yarinya, Rose, wadda mota ta kaɗe mahaifinta tun tana jaririya, ta roƙi a mayar da ita 1987 don kada ya cika shi kaɗai a bakin titi. Da farko ta kasa ko matsawa kusa da shi. A karo na biyu ta ruga ta ture shi daga gaban motar, duniya ta rikice saboda an taɓa abin da ya riga ya wuce. Uban da kansa ya gane, ya koma gaban motar, ita kuma ta riƙe shi har ya cika. Na'urar ba ta dawo mata da uba ba, abin da ta ba ta kawai shi ne zama kusa da shi. Wannan "da na sani" ce aka yi wa ƙafafu, ita da Bahaushe ya ce ƙeya ce. Mu da aka hore mu da barin "da na yi kaza", mun san duk da haka zuciya tana faɗa a ɓoye. Can ne labarin yake, kuma can ne muke tsallakewa.

Wani zai ce ai mu Musulmi ne, haƙuri da tawakkali aka san mu da su, me za a tsaya rubutawa? Mu ba mu yarda ba. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. A nan Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ba wanda zai koya wa tawakkali, ta yi marsiyya ga ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Haƙuri bai hana ta ambaton raɗaɗi ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, uwa ta ƙetare hamada tana neman ɗanta, suka sadu, sannan ta rasu, kuma tsawon neman ne ya ba wa mutuwar nauyi.

Ba sai mun je nesa neman abin rubutawa ba. Mu zauna zaman makoki ɗaya a Ƙofar Marke da idon marubuci. Tabarmi a ƙofar gida, masu gaisuwa na zuwa ana shafa fatiha, ana "ya haƙuri", ana amsawa "haƙuri sai ma'aiki". Babban ɗa bai yi hawaye ba, yana ta lissafin buta da ruwan sha, don in ya zauna zai karye. Ƙanensa da suka yi faɗa da marigayin shekaranjiya ya kasa haɗa ido da kowa. Can gefe wasu sun gangara hirar farashin gero, har wani ya yi dariya ya kama bakinsa. Cikin gida yarinya ƙarama na murna an cika gida da baƙi. Mutuwa ɗaya ce, amma ba mutum biyu da suka ɗauke ta iri ɗaya.

Sannan a kwashe tabarmi bayan kwana uku. Matar da ke takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, wanda mu muke haɗiyewa da jimla ɗaya. Ranar da za ta zuba tuwo a kwanonsa bisa sabo, ta tsaya da mara a hannu, ita ce ranar da muke so mu karanta.

Ga aikin wannan makon: kowa ya ɗauko mutum ɗaya da ya kashe a labarinsa, ya rubuto mana shafi ɗaya na kwana na ashirin bayan rasuwar. Ba suma, ba yayyafa ruwa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a.