Tuffar Anna ce ta dace da tuddanmu masu sanyi

Manomi ɗan'uwa, idan kana sha'awar noman tuffa, kada ka shuka ƙwallon wadda ka saya a kasuwa. Yawancinta daga Afirka ta Kudu da Turai ake kawo ta, kuma bishiyarta sai ta sha dogon sanyin hunturu kafin ta yi fure. Ban da haka, abin da ya tsiro daga ƙwallo ba ya ɗauko halin uwarsa.

Ina ganin irin da ya cancanci kuɗinka shi ne Anna. A ƙasar Isra'ila aka samar da ita, kuma sanyin da take bukata bai wuce na awa 200 zuwa 300 ba. Saboda haka take yi a tudun Jos da na Mambila. 'Ya'yanta suna da ɗan tsawo, bawonsu kore-kore ne mai ja a gefe, ga zaƙi da ɗan tsami.

Ka nemi dashen da aka aura a kan gindi mai ƙwari kamar MM106, ka dasa a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Kada ka dasa Anna ita kaɗai; ka sa Dorsett Golden a tsakani, domin lokaci ɗaya suke fure, ƙudan zuma kuwa su haɗa barbara. Da yake hunturunmu ba ya karkaɗe ganyen tuffa, bayan girbi da 'yan makonni sai ka tsige ganyen da hannu, ka lanƙwaso rassa su kwanta, ka yi ban-ruwa. Wannan ne ke sa idanun reshe su fashe su ba da fure. Da wannan dabara manoman Batu a ƙasar Indunusiya suke girbi sau biyu a shekara. In 'ya'ya sun cunkushe, ka rage su zuwa ɗaya ko biyu a kowane gungu, don su yi girma.

Sai dai Anna ba ta jure ajiya. Ba ta daɗewa take yin gari-gari a baki. Ka san mai saye tun kafin ka tsinke.

Ku kuma malaman gona, ku gaya wa manoma gaskiya. Wanda gonarsa ke ƙasa mai zafi, mangwaro da gwaiba da lemo sun fi masa riba. Bishiya ba gero ba ce: wanda aka sayar wa dashen da bai dace da wurinsa ba, sai ya yi shekara uku yana ban-ruwa kafin ya gane asara ya yi.