Wa Ya Saurari Kiɗan "Jarumar Mata"?

A shekarar 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta mamaye ƙasar Hausa, har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya kusan duk a kan rawar ya tsaya: ta dace da tarbiyya ko kuwa? Mu kuma manazarta, in mun taɓa irin waɗannan waƙoƙi, sai mu ɗauko ma'aunin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka, mu fitar da turke da salo, mu tattara.

Ma'aunin nagari ne, amma don makaɗan kalangu da kotso aka yanka shi. Waƙar zamani a sutudiyo ake ƙera ta, inda mai haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta yake tace murya, ya tsara bugun da ke motsa ƙafa. Tun da masaƙun Bompai da Sharada da Challawa suka durƙushe, ƙananan ɗakunan nan na cikin masana'antun da suka rage wa samarin Kano, amma ba kasafai nazarinmu ke ambaton wanda ya zauna gaban na'urar ba.