Garin Gizo ma yana bukatar rijiya

A shekarar 1974 aka fito da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons. Masu wasan sukan zauna kewaye da tebur. Ɗayansu ya zana taswirar garin da babu shi a duniya, yana ba da labari. Sauran kowa ya zaɓi abin da zai zama a cikin garin: jarumi, ko boka, ko ɓarawo.

Yaran Arewa ba sai sun samu tebur ba. Rairayin da ake haƙa gurabun dara ya isa. Tsakuwa ta zama gida, kara ya zama ganuwa, ƙwallon goruba ya zama Dodo. Wani ya zama Gizo, wata ta zama Ƙoƙi.

Wasu iyaye suna cewa wannan ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Yaron da ya zana gari, dole ya amsa tambayoyin da kakanni suka amsa kafin su kafa nasu.

Ta farko ita ce ruwa. Garuruwa da yawa na Dogon Dutsi da Tibiri suna jere a cikin Dallol Mauri, don a can ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. In mai zane ya manta da rijiya, abokansa za su tambaye shi: «Ina Ƙoƙi za ta ɗebo ruwa?»

Ta biyu ita ce hanya. Babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni ta ratsa Dogon Dutsi, tana kawo wa kasuwa baƙi da kaya. Kasuwar da aka zana nesa da hanya, wa zai ci ta?

Ta uku ita ce mafaka. A 1899, da sojojin Faransa suka auka wa Lugu, garin Sarauniya, mutane sun fake cikin kurmi. Garin Gizo ma yana bukatar wurin gudu ranar da Dodo ya zo.

Saboda haka bai kamata a hana yara wannan wasa ba. Wanda ya san dalilin sa rijiya a garin tatsuniya, zai gane dalilin da ya sa garinsu yake inda yake.

Aiki: A zana garin Gizo. A nuna rijiya, da kasuwa, da hanya, da mafaka.