Wa'adi Ya Cika, Matakala Tana Nan

Akwai wani bashi da nakasassu ke bin ƙasar nan, lokacin biya ya wuce, amma wanda ake bi ko a jikinsa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, bayan Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu tun 2010. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su shiga ba tare da an ɗauke su kamar buhun gero ba. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024. To, malam mai karatu, ɗaga kai ka dubi ofishin da ka fi zuwa, da asibitin garinku, da ɗakin laccar da kake zaune. Me aka gyara?

Bari mu ga abin da dokar ta tanada, don kada a ce ƙazafi muke yi. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ce a ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce wanda ya nuna musu bambanci ya biya tarar naira 100,000 ko ya sha ɗaurin wata 6, in kuwa kamfani ne naira miliyan 1. Ta hana kowa amfani da nakasasshe wajen bara. A 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa don ta sa ido. A takarda kam ba abin da ya rage. Amma doka in ba a aiki da ita, tawada ce kawai aka ɓata.

Abin takaici shi ne, gwamnatocinmu sun fi zafin nama wajen kamu. Jihar Kano ta haramta bara a tituna a 2013, Kaduna ta bi sahu a 2015. Ba na goyon bayan bara, domin ba mai mutunci da zai so wa ɗansa ita. Amma ina tambaya: wanda aka hana makaranta yana yaro, aka hana shi aiki da ya girma, in aka ƙwace ƙoƙon barar, da me zai ci? An bar jaki ana dukan taiki. Da yawa daga cikin guragun da ake kora daga mararraba, shan-inna ce ta taɓa su suna jarirai, cutar da 'yan ɗigon magani ke karewa. Mu tuna a 2003 an dakatar da rigakafinta a Kano har cikin 2004, kuma sai a 2020 aka tabbatar ƙasar nan ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Manya suka yi sakaci, yara suka rasa ƙafafu, yau kuma su ne masu laifi!

Wasu za su ce ai babu kuɗi. Haba jama'a! A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan nakasassu a Jigawa naira 7,000 kowane wata, alhali kowa ya san Jigawa ba ta cikin jihohi masu ƙiba. Abin da ta nuna shi ne, in akwai niyya akwai hanya. Daɗin daɗawa, nawa ne kuɗin simintin da za a yi gangara kusa da matakala, in aka gwada da kuɗin motar babban jami'i guda? Nawa ake kashewa in an sauko da lacca daga bene zuwa ƙasa? Ko kwabo.

Wasu kuma za su ce su ne ba sa so, bara ta bi jikinsu. Wannan magana ta mai ƙoshi ce. A gasar Olamfik ta London a 2012 masu lafiyarmu sun dawo hannu rabbana, nakasassunmu kuwa suka kawo lambobi 13, 6 daga ciki na zinariya. A Rio a 2016 masu lafiya tagulla 1 suka samo, nakasassu suka zo da zinariya 8. Ku je Kano ku ga guragu suna walda, suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa, wa ya isa ya koya mana wannan darasi? Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma a kan waƙarsa ta Imfiraji mutane da yawa suka sami digiri. Muna cin albarkacin makaho a jarrabawa, amma shin littattafan Hausa nawa ne a laburarenmu da rubutun makafi, wanda jikan Namangi zai shafa ya karanta?

Nan ne maganar ta iso gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun 2017 Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Watau ƙofar waje ta ɗan buɗe. Amma in ɗalibi ya shigo fa? Gurgu ya tarar an sa laccarsa a hawa na biyu, sai abokai sun ciccibe shi da kekensa, ranar da ba su zo ba shi ma bai zo ba. Makaho ya tarar da kwatami a buɗe a hanyar ɗakin kwana. Kurma ya zauna awa 2 yana kallon leɓen malam, ba mai fassara masa da maganar hannu. In ya faɗi jarrabawa a ce ba shi da ƙoƙari. Wane irin adalci ke nan? Jami'ar da ke koyar da shari'a ita ya kamata ta fara bin doka.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da sauya suna. Da muna cewa nakasassu, yanzu muna cewa masu buƙata ta musamman. Madalla da ladabi, amma matakala ba ta jin Hausa. Haka nan rabon shinkafa da kekuna a gaban 'yan jarida duk ranar 3 ga Disamba ba zai biya bashin ba. Sadaka ganin dama ce, mai bayarwa ya ba da yau ya hana gobe, kuma sai an yi masa godiya. Abin da doka ta ba mutum kuwa haƙƙinsa ne, ba ya bukatar durƙuso kafin ya karɓa. Ko a tsarin gargajiya, sarakunanmu sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare don a ji ta bakinsu. Ashe kakanninmu sun fi mu sanin cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Hukumar jami'a ta sauko da duk laccar da ke da gurgu a cikinta zuwa ƙasa tun wannan zango, ta rufe kwatami, ta ɗauki masu maganar hannu aiki. Ta buga mana adadin nakasassun da ke cikin ma'aikatanta, mu gani ko sun kai kashi 5. Ƙungiyar ɗalibai ta ba su kujera a majalisarta, su faɗi damuwarsu da bakinsu. Mu kuma 'yan wannan ƙungiya, mu raba littattafan da ake nazari a sashenmu, kowa ya karanta ɗaya da murya a ɗauka a waya, a ajiye wa 'yan'uwanmu makafi. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata nakasa. Haɗarin mota guda a hanyar Kano zuwa Zariya ya isa ya sa ni ko kai cikin lissafin. Wanda ya ƙi gina gangara yau, mai yiwuwa gobe shi za a cicciɓa. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, amin.