Likitan Jini: Wa Ya San Ƙofarsa?

A shekarar 2024 aka yi shelar cewa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya yi nasarar dashen ɓargo ga masu amosanin jini, wato sikila. Tun a 2011 takwaransa na Jami'ar Benin ya fara irin wannan aiki a ƙasar nan. Ko shakka babu, abin alfahari ne. Sai dai da na ji labarin, tambayar da ta faɗo mini ita ce: mutum nawa ne a Arewa ke iya kaiwa gaban likitan da zai gaya musu ainihin abin da ke damun jininsu, balle a kai ga batun dashe?

Ba da ka na yi wannan tambaya ba. Wani ɗan yayata ya shafe wata takwas yana fama da zazzaɓi da kasala da rama. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro ya fi a ƙirga, aka koma taifot, aka ƙara masa jini har sau biyu. A gida kuwa tsofaffi suka ce mayu ne suka kama shi. Sai da wata likita ta taɓa cikinsa ta ji saifarsa ta kumbura, ta sa aka ƙirga ƙwayoyin jininsa, aka tarar fararen sun yi yawa fiye da kima, sannan ta tura mu sashen cututtukan jini na wani asibitin koyarwa. Can aka tabbatar mana sankarar jini ce. Gwajin da ya tona asirin bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, na lura cewa ɓatan hanyarmu daga baki ya soma. Ka ce wa mutum goma "likitan jini", wani zai ɗauka mai duba hawan jini kake nufi, alhali wannan lamari ne na zuciya da jijiyoyi. Wani kuma zai nuna maka ɗakin da ake ɗibar jini. Kalmomin "daji" da "sankara" kuwa ƙari ko gyambo suke kawo wa Bahaushe a zuci, abin da ido ke gani, don haka da wuya ya yarda akwai dajin da ke yawo cikin jini ba tare da ƙari ba. Haka nan "ƙarancin jini": alama ce, amma mun mai da ita sunan cuta, sai a ƙara jini a sallami mutum ba a tambayi inda na farkon ya tafi ba. Wanda bai san sunan abin da ya ɓace masa ba, yaya zai yi cigiya?

Likitan da muke magana a kai shi ne wanda, bayan karatun likita, ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a kan jini da ɓargo. Shi ke duba jini da madubin likita, ya zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu idan ta kama, kuma shi ke kula da masu sikila, da masu cutar rashin tsayawar jini, da masu sankarar jini da ta kaluluwa. Akasarinsu a asibitocin koyarwa suke, irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar yara kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Nijeriya. Ga kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Hannu kaɗan, kaya jibgi.

Abin takaicin shi ne, wasu daga cikin cututtukan nan suna da magani. Nau'in da ya kama ɗanmu, ƙwayar imatinib ta mai da shi cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru, kuma tun 2003 aka fara ba da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife ta hanyar wani shirin agaji. Amma magani ba ya neman wanda ba a gano cutarsa ba.

A nawa ganin, abu uku ne ke gabanmu. Na farko, masana harshe da likitoci su zauna su tsayar da sunaye tabbatattu na Hausa, gidajen rediyo su yaɗa su. Na biyu, ma'aikatun lafiya na jihohi su kafa doka cewa duk wanda aka ƙara wa jini sau biyu ba a san dalili ba, a tura shi ga ƙwararre. Na uku, jihohi su ɗauki nauyin horar da nasu, su kuma shirya wa waɗanda ke akwai ziyarar manyan asibitoci lokaci-lokaci.

Mu kuma da muka yi boko, mu ne ake bugo wa waya idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kada mu tsaya ga aika kuɗin ledar jini. Mu tambaya: an ƙirga ƙwayoyin jininsa? Me ke cinye jinin? Wa ya kamata ya gan shi? Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.