Duwatsun Jos da Kuzar Cikinsu

Yau zancenmu a kan duwatsu ne, domin samari da yawa suna barin gona su ɗauki diga da shebur, su faɗa wa kowane dutse suna neman kuza.

Ku sani, 'yan'uwa, dutsen nan mai tauri da Turawa ke kira giranit iri biyu ne a ƙasarmu. Wani Bature masanin duwatsu, Falconer, shi ya rarrabe su cikin littafinsa na 1911, ya kira ɗaya tsoho, ɗaya ƙarami. Tsohon ya yi wajen shekara miliyan 600. Narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali can ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan ruwa da iska suka kwashe abin da ke rufe da shi har ya fito fili. Kufena na Zariya irinsa ne.

Ƙaramin kuwa a baya ya zo. Ya ɓullo daga ƙasa ya huda tsohon, a wuraren da duwatsu masu aman wuta suka taɓa tsayawa, shi ya sa tuddansa sukan yi da'ira kamar zobe. Jerinsa ya taso tun daga Azbin, inda ya haura shekara miliyan 400, ya biyo ta Damagaram da Riruwai, ya iso Jos, inda shekarunsa wajen miliyan 160 ne. Watau gwargwadon gangarowa kudu, gwargwadon ƙuruciyarsa.

To, ga abin lura. Yawancin kuzarmu tare da ƙaramin ta zo. Sa'ad da yake hucewa, ruwa mai zafi ya bi tsagoginsa ya bar kuza a ciki. Da dutsen ya ruɓe, ruwan sama ya kwaso ta zuwa rafi, ta kwanta a ƙasa sabo da nauyinta. Can ne maƙeran Riruwai suka riƙa wanke ta suna narkawa tun kafin zuwan Turawa, can ne kuma kamfanoni suka bi, har jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914. Tsohon dutse kuwa, in ban da wurare kaɗan, ba ya ba da abin kirki.

Sabo da haka wanda ya tona rami ba da sani ba, ya yi asarar damina, watakila har da ransa, gama ramin da ba a tokare ba yakan rufta. Wanda ya dace ma ya tuna kuza ba gero ba ce, ba a shuka ta. Da kasuwarta ta faɗi a 1985 aikin ya durƙushe, aka bar wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi manyan tafkuna inda dā gonaki ne, suna cin yara da dabbobi.

Roƙona ga hukuma, ta aika da ma'aikatan binciken duwatsu ƙauye ƙauye, su bayyana taswirarsu da Hausa, ta kuma tilasta wa duk wanda ya haƙa ya cike raminsa. Ku kuma samari, ku yi tambaya tukuna, gama matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kiyashe mu, amin.

Naku,
Wani Akawu, Jos.